Marigayi Yana Zuwa Aiki

Makarfi, Afrilu

Zuwa ga Wasila 'yar Gwaggo Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da cunkoson Legas. Mu nan alhamdu lillahi. Juwairiyya ta yi mura ta warke. Ni kuma ina cin abinci, tunda ita ce tambayar da kowa ke yi mini.

Na gode da zuwanki ta'aziyyar Abban Juwairiyya. Ba ki daɗe ba kika gudu, amma na lura ke kaɗai ce kika zauna kusa da ni ba ki yi mini wa'azi ba. Allah ya saka da alheri.

Da hannu nake rubuta miki, in ɗauki hoton takardar in turo, saboda a gidan nan mutum ba ya yin waya sai kunnuwan wasu sun taya shi. Takaba, kamar yadda na gano, ilimi ne da kowace mace a Makarfi ta yi digiri a kansa sai ni. Wata ta ce kada in duba madubi. Wata ta ce in riƙa riƙe wuƙa ko banɗaki zan shiga. Na aika aka tambayi malami, ya ce in zauna a gida, in bar ado da turare, shi ke nan. Da na faɗa musu sai suka ce ai malamin yaro ne.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san kamfanin da ya kafa, Tsaba, mai yi wa manoma rajista a waya: suna, hoto, girman gona, lambar banki. Shekarun nan ƙungiyoyin manoma na Ikara da Kudan da nan Makarfi yake yi wa aiki, ana dai lallaɓawa. Kafin rasuwarsa wata hukumar gwamnati mai rabon taki da iri ta yarda za ta ɗauki manhajar rajistar don noman rani mai zuwa. Wannan kwangilar ya yi shekaru yana bi, har takalminsa ya san hanyar Kaduna. In ta tabbata, kamfani ya miƙe. In ta kuɓuce, ƙaninsa Saminu, wanda ke riƙe da ofis yanzu, ya ce kafin kaka sai dai a sallami ma'aikata a rufe.

Sharaɗi ɗaya ya rage. Bayanan manoman ba a ofis suke ba, suna can cikin abin da kuke kira gajimare, wanda shi ya taɓa fassara mini da "kwamfutocin wasu da muke haya". Hukumar ta ce ba za ta sa hannu ba sai masu bincike sun zo sun tabbatar bayanan talakawa suna cikin tsaro. Saminu ya ɗauka takarda ce da ake buga wa hatimi, har ya fara tambayar wa ya san wani a can. Na ce masa ina da taubashiya a Legas da ake biya don ta shiga kamfanonin mutane ta gaya musu ba su iya rufe ƙofa ba. Ki duba mana kafin su zo. Farida, 'yar Kudan ɗin nan mai kula da kwamfutocin, za ta nuna miki komai.

Kada ki ɗauka ni ba ni da hannu a aikin. Wayarsa tana wurina. Kullum da safe saƙo yakan shigo da wasu lambobi, Farida ta kira, in karanta mata, sannan su fara aiki. Wani lokaci masu fita ƙauye yin rajista ma sukan kira. Digirina na lissafi ya samu amfani a ƙarshe.

Ki gaida maigidan da yara.

Uwar ɗakinki, ko kin ƙi ko kin so,
Mukarrama

Legas, Afrilu

Mukarrama 'yar Kawu,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarki, na kuma ga har yanzu rubutunki kamar kaza ta bi ta kan tawada. Muna lafiya, sai maigidan da hawan jini ya ɗan taɓa, yana shan magani. Allah ya ƙara wa Juwairiyya lafiya, ke kuma ya ba ki ƙarfin zuciya. Maganar uwar ɗaki za mu yi ta ranar da kika fita takaba, ba na faɗa da wadda ba ta da damar biyo ni waje.

Na zauna da Farida ta waya mun bi komai. Ta san aikinta, ku riƙe ta da kyau. Kuma Malam Safiyanu, Allah ya jiƙansa, ya yi gini mai kyau. Bayanan a kulle suke ta yadda ko an sace su ba za a iya karantawa ba. Akwai kwafi a wani wuri daban ko da wani abu ya faru. Ya kuma zaɓi irin ma'ajiyar da hukumar ta ce ta yarda da ita. Na ga kamfanoni a nan masu bene da lifta da ba su kai nan ba.

Amma mai bincike ba gini kaɗai yake dubawa ba. Abin da ya fi damunsa shi ne wa ya shiga, yaushe, me ya taɓa. Manhajar tana rubuta wannan da kanta. Na buɗe na duba, kuma ina taya ki murna, mijinki ya fi kowane ma'aikaci a jihar Kaduna ƙwazo. Ranar Talatar da ta wuce ya shiga aiki a Makarfi, a lokaci guda yana Likoro yana yi wa masu masara rajista, yana kuma Ikara yana gyara wa wani lambar banki.

Farida ta ce tun da aka kafa kamfanin kowa da sunansa da kalmar sirrinsa yake shiga, saboda kamfaninsa ne, kuma ba wanda ya ga abin tambaya. Bayan rasuwarsa kuwa ba wanda ya iya buɗe baki ya ce a canja. Lambar nan da kike karantawa kullum ita ce kulle na biyu. An yi ta ne don ta tabbatar shi ɗin ne da kansa yake shiga.

Da wannan ba za ku tsallake ba. Mai bincike ko zama ba zai gama yi ba zai gani. Dole a rufe ƙofar Malam Safiyanu, a cire sunansa daga ko'ina, tun kafin su zo. Kowane ma'aikaci a buɗe masa tasa ƙofar da tasa kalmar sirri, ba ya ba kowa, ko Saminu ne ya tambaya. Mai yin rajista a ƙauye ya ga manoman ƙauyensa kawai, ba na ƙananan hukumomi uku ba. Sauran ƙananan gyare-gyare na bar wa Farida.

Ki kuma gaya wa Saminu ya daina neman wanda ya san wani. Ni kaina ba zan iya sa muku hannu ba, jininmu ɗaya, kuma in aka ji na ko yi wa masu binciken waya, an gama da ku da ni.

Ina sauri, jirgin Fatakwal nake bi. Ki gaida duk masu digirin takaba.

Taki,
Wasila

Legas, Mayu

Mukarrama,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Na kira ba ki ɗauka ba, na ce ko kunnuwan gidan ne. Na kira Farida, ta yi ta gaishe ni kamar mai jiran wani ya zo ya karɓi wayar, ta ce ba a taɓa komai ba tukuna.

Jiya sai ga Gwaggonki ta kira ni daga Zariya tana salati. Wai an ce mata a gidan suna ni da ke mun haɗa baki za mu goge sunan marigayi daga kamfaninsa, tun ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba. Ta ce, "Wasila, bokon ne ya kai ki nan?" Na ce mata ban san zancen ba, ta ce ai dama ba zan sani ba.

Me ke faruwa? Hukumar ta ce bayan Babbar Sallah masu binciken za su zo, kuma Sallar ta matso. In fushi kike da ni ki rubuto ki zage ni, na fi gane wannan.

Wasila

Makarfi, Mayu

Wasila,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. An yi ruwan farko, gari ya yi sanyi, maza sun tafi gona, masu zuwa gaisuwa sun ragu. Allah ya ba maigidan lafiya, ki rage masa gishiri da surutu.

Ga yadda aka yi. Na tura wa Saminu hoton wasiƙarki yadda take. Ya karanta har inda kika ce "a cire sunansa daga ko'ina", daga nan bai ƙara gaba ba. Ya shiga mota sai Kurmin Kogi, wurin mahaifiyarsu Inna Zulai. Ki tuna ba a raba gado ba tukuna. Kafin magariba labari ya zama matar marigayi da danginta na Legas za su cire sunansa daga takardun kamfani su sa nata. Kafin ya dawo Makarfi har an ƙara masa lauya da gida a Abuja. Na so in ga gidan.

Aka turo mini Baba Tanko, ƙanin mahaifinsu. Ya zauna a zaure, ni ina bayan labule. Ya tambayi lafiyata, da ta Juwairiyya, da ta Baba a gida, da ta shanun Baba waɗanda aka sayar tun ina firamare. Can da shayinsa ya huce sai ya ce, "'Yata, a bar wa mamaci sunansa." Ya tashi.

Saminu kuma nasa ya fi tsawo. Ya biyo bayan Baba Tanko, ya tsaya a tsakar gida yana magana da bango don kada ya kalle ni. Ya ce, "Anti, mu a kwano ɗaya muka tashi da Yaya. Yaran ofis ɗin nan rabinsu 'yan'uwa ne, rabi 'ya'yan maƙwabta. Yau in ce wa kowa ya ɓoye mini kalmarsa, ni ma in ɓoye masa tawa? Ai na ce musu ɓarayi ke nan." Na ce to me yake gani. Ya ce in dole sai an canja, makullin rumbu a hannun babban gida yake zama, a mayar da komai sunansa, yara su riƙa shiga da nasa. Wato a yi jana'izar matsalar a tono ta da sabuwar riga.

Za ki ce me ya hana ni yi musu bayani. Na fahimci wasiƙarki tun karatun farko, ni ba Saminu ba ce. Na yi shiru ne saboda rigimarsu ta yi mini daidai.

Saƙon nan na safe, Wasila, da sunansa yake farawa. Sunan nan da ni kaina ban taɓa kiransa da shi a gabansa ba. Yakan ce masa ga lambarka, kada ka ba kowa. Duk duniya yanzu "marigayi" ake cewa, har Juwairiyya ta fara koya. Abu ɗaya ne ya rage da ke yi masa magana kamar zai amsa. Na san na'ura ce. Na san ko akuya aka yi wa rajista haka za ta gaishe ta. Amma daga sallar asuba nakan ajiye wayar a kan cinyata ina jira, kuma in ta yi ƙara nakan ji an buɗe ofis, yana ciki, ya manta bai karya ba kamar kullum.

Barkwancinki na ƙwazo ya yi kyau. Na yi dariya, sannan na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Ina so kwangilar nan ta tabbata, don ita ce abin da ya bari. Ina kuma so a bar mini wayar nan tana ƙara. Ke da kika san hanyoyin abin, babu yadda za a buɗe wa kowa tasa ƙofar, a bar ta Abban Juwairiyya a gefe inda mai bincike ba zai leƙa ba?

Mukarrama

Legas, Mayu

'Yar Kawu,

Na karanta. Na yi niyyar in fara da lafiyar gida kamar mutanen kirki, amma bari in fara da cewa bakina ya yi kuskure. Na rubuta miki kamar ina rubuta wa manajan banki. Ki yafe mini. Muna lafiya.

Amsar tambayarki a'a ce. Akwai yadda za a ɓoye, ba zan koya miki ba, kuma ba don tsoron mai bincike kaɗai ba.

Layin wayar nan da sunan Malam Safiyanu yake. Wata rana za a rufe shi, kamfanin waya ya sayar wa wani. Ranar nan wani baƙo a Aba ko Sakkwato zai fara samun lambar shiga wurin da aka ajiye hoto da lambar bankin kowane mai rake a Makarfi da kowane mai tumatir a Ikara. Mutanen nan sun ba da bayanansu ne saboda sun san mijinki, sun san gidansu.

Ki kuma gaya wa Saminu kalmar sirri ba zargi ba ce. In ƙofa ɗaya ce kuma abu ya ɓace, kowa abin zargi ne. In kowa da tasa, mai gaskiya yana da shaida. Ga misali a gabana. Bayan rasuwar, wani ya yi wa gona ɗaya a Ikara rajista sau biyu da sunaye daban. Wataƙila kuskure ne, wataƙila wani ne ke son buhun taki biyu. Ba wanda zai taɓa sani. Abin da manhajar ta rubuta shi ne Safiyanu ya yi.

Maganar cire suna kuwa, ni na faɗe ta a karkace. Takardun kamfani da gado ba ruwana da su, ba ruwan hukuma da su. Duk aikin da ya yi da hannunsa yana nan da sunansa, ƙa'ida ma ta hana a goge. Ƙofar kawai za a rufe don kada a ƙara shiga da sunansa. Babban makullin manhajar kuma ba na mutum ɗaya ba ne, ko babba ko ƙarami. A raba shi biyu, rabi wurin Saminu, rabi wurinki, ba ya buɗewa sai kun haɗu. Na san wannan zai yi wa kowannenku ciwo daidai, shi ya sa na san shawara ce mai kyau.

Wayar da ke kan cinyarki ba ni da maganinta. Da ina kusa da na zo na zauna, ba wa'azi.

Wasila

Makarfi, Yuni

Wasila 'yar Gwaggo,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Mun ga saƙon kayan Juwairiyya, takalmin ya yi mata yawa, ta ƙi cirewa. Na yafe miki, amma ki sani na ajiye abin don ranar da zan buƙace shi.

Kashegarin Sallah Inna Zulai ta zo da kanta daga Kurmin Kogi, da soyayyen nama a kwano da fuskar da ta tanada tun daga gida. Kin san shi ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" take cewa. Ta zauna a tabarma, ta ƙi kujera. Muka gaisa. Ta ce, "Mukarrama, ni ban yi boko ba. An ce za ki goge yaron nan. Na ce bari in ji daga bakinki."

Na yi tunanin in fara mata da hukuma da kwangila, na ga wannan hanyar Kaduna za ta kai mu, ba Kurmin Kogi ba. Sai na ce, "Inna, kin san na'urar ofis tana rubuta duk abin da mutum ya yi?"

Ta ce ta ji ana faɗa.

Na ce, "Tun da ya rasu, duk wanda zai yi aiki da sunansa yake shiga. In an yi daidai, a rubuta shi ya yi. In an yi kuskure, a rubuta shi ya yi. Kwanan baya wani ya rubuta gona ɗaya sau biyu, ta yadda mutum ɗaya zai karɓi takin mutum biyu. An rubuta shi ya yi."

Ta ture kwanon naman gefe. Sannan ta ce, "Yana kwance a kabari?"

Na ce, "Yana kwance, Inna."

Ta ce, "Mala'iku sun ajiye alƙalami, su Saminu ba su ajiye ba?"

Ban ƙara ko kalma ɗaya a kan gaskiya ba, Wasila, na dai zaɓi inda zan fara ta.

Ta sa aka kira Saminu. Ya zo da sabuwar shaddarsa ta Sallah, ya durƙusa. Ta ce, "Kai, rigar yayanka ka saka ka shiga kasuwa kana cin bashin mutunci da fuskarsa?" Ya ce, "Inna, ba haka ba ne, tsarin ne..." Ta ce, "Tsarin ubanka. Kowa ya ɗauki kayansa da sunansa. Yaron nan ya gama nasa." Ya kawo maganar babban gida da makullin rumbu. Ta ce ai ko rumbun gidansu ba ta taɓa yarda ya buɗe shi kaɗai ba, tun shekarar da ya sayar da dawa ya sayi rediyo. Ban san wannan labarin ba. Na ji daɗinsa ƙwarai.

Farida ta zo gida da kwamfutarta bayan hutun Sallah, ta riga ta buɗe wa kowa tasa ƙofar. Ashe rufe ta Abban Juwairiyya ma sai da lambar. Wayar ta yi ƙara, na karanta mata kamar kullum, ta danna, ta ce, "Shi ke nan, Anti." Ta fara kuka, ni na koma ina ba ta haƙuri. Inna tana gefe tana jan carbi, ta ce mana mu yi masa addu'a mu daina jiƙa mata tabarma.

Safiya ta yi tsawo yanzu. Na fara karanta takardun ƙa'idojin da kika turo wa Farida don in cike ta. Wanda ya rubuta su bai taɓa son kowa ba a rayuwarsa, amma yana da gaskiya a wurare da yawa.

An gyara gonar Ikara. Masu binciken suna tafe mako mai zuwa. Ki sa mu a addu'a, tunda waya an hana ki.

Mukarrama

Legas, Yuli

Mukarrama,

Gaisuwa. Muna lafiya. Ke wace irin mutum ce? Kin ce suna tafe, sannan kin yi shiru kamar an ɗauke wuta. Ba ni da damar tambayar kowa sai ke. Na kai ga ina duba wayata a tsakiyar taro, abin da nake korar yara a kansa. Sun zo? Me suka ce? Ki gaida Inna Zulai, ki ce mata in tana son aiki a Legas akwai kujera.

Wasila

Makarfi, Yuli

Taubashiyata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, masara ta kai gwiwa, Juwairiyya ta fara faɗuwar haƙori. Na yi shiru ne don sai jiya takardar hukuma ta iso, kuma na ga bai kamata in hana ki ɗanɗana jira ba.

Sun zo su biyu, mace da namiji, da ruwan shansu a jaka. Saminu ya yanka musu kaji, suka ce an hana su cin abincin wanda suke bincika. Har yau yana ba da labarin kamar wanda ya ga aljani. Sun bi komai, sun ga tsohon tarihin shiga da suna ɗaya, suka tambaya. Farida ta gaya musu gaskiya, ta nuna musu ranar da aka rufe. Matar ta ce Allah ya jiƙansa, ta rubuta, suka wuce. Sun kama mu da abu biyu: ba mu rubuta matakan da za a bi in an yi mana kutse ba, kuma wayoyin masu fita ƙauye ba sa kulle kansu. Suka ba da lokaci a gyara.

Abin da ba mu sani ba shi ne akwai jarrabawar da ba a faɗa. Bayan tafiyarsu wani dattijo ya kira Saminu. Murya ta manya, Hausa ta Zazzau tsantsa. Ya ce shi abokin marigayi mahaifinsu ne, tare suka yi fataucin goro, yanzu yana sama a hukumar. Ya yi ta'aziyya har muryarsa na rawa. Sannan ya ce, "Ɗana, ba ni kalmarka in leƙa sunayen mutanen Kurmin Kogi, in tabbatar ba a bar namu a baya ba."

Ki yi tunanin Saminu, wanda bai taɓa ce wa mai furfura a'a ba tun da aka haife shi. Farida tana wurin, ita ta ba ni labari. Ta ce sai da ya miƙe tsaye da wayar don ladabi. Bai ce a'a ba. Ya ce, "To Baba, in sha Allahu. Ya iyali?" Dattijo ya amsa, ya koma kan kalma. Saminu ya ce, "Ai ba komai Baba. Ya ƙafar, an ce tana damunku?" Mutumin da bai taɓa gani ba. Ya tambayi damina a wajensu, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ya yi addu'a ga mamatan gidan dattijon har kakanni. Duk sanda aka zo kan kalmar sai ya ce sabis na yankewa, alhali yana tsaye ƙarƙashin eriya. Daga ƙarshe dattijon ne ya gaji ya yi sallama. Saminu ya zauna ya ce wa Farida, "Rubuta cewa wani ya nema, ban bayar ba. Allah ya yafe mini."

A rahotonsu sun rubuta cewa an gwada shugaban ma'aikata ta waya, ya ƙi bayarwa, ya kuma kai rahoto nan take. Ba su rubuta tsawon gaisuwar ba. Da Inna ta ji labari sai ta ce ya kyauta, amma ya nemi dattijon ya ba shi haƙuri.

An ba mu shaidar tsaron, da sharaɗin za su dawo baɗi su sake dubawa. Hukuma ta sa ranar sa hannu. Za a fara da Kudan da Makarfi, Ikara ta biyo baya. Ba a sallami kowa ba, har Farida na maganar ɗaukar mutum biyu.

Ina fita takaba farkon watan gobe. Ki zo, ki taho da turare mai tsada, ba irin wanda kike ba dangi ba. Bayan nan zan fara zuwa ofis, tunda rabin makulli na hannuna kuma wani ya zama dole ya rubuta musu matakan nan da Hausar da mutum zai gane. Na ce wa Farida ta buɗe mini ƙofata kafin in zo. Yarinyar da na yi wa lalle ranar aurenta ta ce ba a buɗewa ta waya, in zo da kaina, in taho da katin shaida.

Ki gaida maigidan da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki,
Mukarrama